Yadda Ake Tace Ƙwayoyin Daji Daga Jinin Majinyaci Yayin Tiyatar Hanta

Hanta gaɓa ce mai shan jini sosai, domin a kowane minti kimanin lita 1.5 na jini ne ke ratsa ta, wato kusan kashi 25 cikin 100 na abin da zuciya ke harbawa. Wannan ne ya sa duk likitan da zai yanke wani sashe nata saboda ciwon daji, ko zai cire ta gaba ɗaya a dasa wata, ya san cewa zubar jini ce babbar barazanar da ke gabansa. Lamarin ya fi tsanani ga wanda hantarsa ta riga ta taurare ta ƙanƙance, kasancewar jijiyoyin cikinsa sun kumbura, jininsa kuma ba ya saurin daskarewa, kuma akasarin masu dajin hanta a wannan hali suke zuwa. Tun daga shekarun 1970 akwai na'urar da ke zuƙe jinin da ya zuba a cikin majinyaci, ta wanke shi, a mayar masa da abinsa. Tambayar da ta daɗe tana hana likitoci sakat ita ce: idan jinin ya kwaso ƙwayoyin daji daga wurin aikin, shin ba da hannunmu muke watsa cutar cikin jikin mutum ba?

Wannan tsoro yana da tushe. A 1975 an wallafa rahoton wani majinyaci guda a Amurka da aka ga ƙwayoyin ƙari cikin jinin da aka tattara lokacin tiyatarsa, sannan a 1986 kwamitin kimiyya na Ƙungiyar Likitocin Amurka ya ba da shawarar a guji wannan hanya ga masu daji. A 1995 Ernil Hansen da abokan aikinsa a Regensburg ta Jamus suka nuna cewa a fiye da kashi 90 cikin 100 na tiyatar daji da suka bincika, akwai ƙwayoyin ƙari a jinin da ya zuba a wurin aikin. Saboda haka maganar ko ƙwayoyin suna ciki ta ƙare. A ɗauka suna ciki, a tsara aikin a kan haka.

Sai dai jinin ma'ajiya shi ma ba kyauta yake zuwa ba. Bayan haɗarin kuskuren rukuni da na kamuwa da wata cuta, jinin wani mutum yana sassauta garkuwar jikin wanda aka ƙara wa, abin da aka fara lura da shi a 1973 ga waɗanda aka yi wa dashen ƙoda, kuma bincike da dama sun danganta yawan ƙarin jinin ma'ajiya da saurin dawowar dajin hanta bayan tiyata. A ƙasashenmu na Afirka ta Yamma, inda ciwon hanta nau'in B da gubar fumfunar da ke kama gyaɗa da masara ke haddasa wannan daji, akwai ƙarin matsalar ƙarancin jinin kansa, domin sau da yawa sai dangi sun yi ta fafutukar neman masu bayarwa kafin a sami leda biyu ko uku. Abin da ake aunawa ke nan: haɗari a hannun dama, haɗari a hannun hagu.

Kafin a shiga ɗakin tiyata

Shawarar amfani da na'urar ana yanke ta ne tun a zauren duba hotuna, tsakanin likitan tiyata da likitan sa barci da wanda zai riƙe na'urar. A duba girman ƙarin, da kusancinsa da fatar hanta, da ko ya riga ya fashe ko ya kutsa cikin manyan jijiyoyi, domin ƙarin da ke zaune can cikin tsokar hanta, da kumburinsa a rufe, ba ɗaya yake da wanda ya turo waje har fatarsa ta yi siriri ba. A tambayi ko majinyacin yana da sikila, wanda tambaya ce da ba ta tsallakuwa a yankinmu, saboda jajayen ƙwayoyin mai sikila suna iya lanƙwashewa a cikin tulun na'urar inda iskar shaƙa ta yi ƙaranci, shi ya sa galibi ake kauce wa wannan hanya gare shi. Mai rabin gadon cutar kuwa ana duba nasa lamarin shi kaɗai. A tambayi ko hefarin, maganin hana jini daskarewa, ya taɓa karya masa ƙwayoyin daskarar da jini, kuma a rubuta magungunan hawan jinin da yake sha.

Daga nan sai a zauna da majinyacin a yi masa bayani da harshen da yake ji, ba a ɓoye masa cewa ana iya samun ƙwayoyin daji a jinin ba, a kuma gaya masa matakan da za a bi a rage su, da abin da zai faru idan ya ƙi. Jagorar Ƙungiyar Likitocin Sa Barci ta Birtaniya da Ireland ta 2018 ta nemi a yi wannan tattaunawa a sami amincewarsa, ta kuma ba da shawarar a yi la'akari da matatar fararen ƙwayoyin jini a duk tiyatar daji. Duk da haka a tanadi jinin ma'ajiya da ruwan jini mai daskararwa kamar na'urar ba ta nan.

Haɗa na'ura

Kayan aikin sun haɗa da mesar zuƙa mai hanya biyu, da tulun tara jini, da kwano mai juyawa, da jakar sharar ruwa, da jakar mayar da jini. Hanya ɗaya ta mesar tana kai maganin hana daskarewa har bakin abin zuƙar, ɗayar kuma tana dawo da jinin da ya riga ya gauraya da maganin. Abin da aka fi haɗawa shi ne hefarin ma'auni 30,000 cikin lita 1 ta ruwan gishirin asibiti, ko kuma ruwan sitiret wanda ke zuwa a haɗe. A fara jiƙa tulun da mililita 100 zuwa 200 na wannan ruwa kafin ɗigon jini na farko ya shiga, sannan a daidaita ɗigar ta yadda kowane mililita 100 na jini zai sami kimanin mililita 15 na maganin, a riƙa ƙara gudunta idan zubar ta ƙaru. Ƙarfin zuƙa a tsayar da shi tsakanin milimita 100 zuwa 150 na ma'aunin zaiba, saboda zuƙa mai ƙarfi tana farfasa jajayen ƙwayoyi. Inda ake tattalin kuɗi, a haɗa mesa da tulu kawai, kada a buɗe kwano sai jinin da ya taru ya kai a wanke. Jagorar 2018 ta ambaci wannan tsari ga duk aikin da ake zaton zubar za ta wuce mililita 500 ga babban mutum.

Bakin abin zuƙa: nan ne ainihin aikin yake

A ganina, babban kuskuren da ake yi wajen koyar da wannan fanni shi ne ɗora dukkan amana a kan matata, alhali ita ce shinge na ƙarshe. Matata tana da iyakar abin da za ta iya riƙewa, don haka yawan ƙwayoyin da suka isa gare ta shi ne ke yanke hukunci, kuma wannan yawa a hannun mataimakin da ke riƙe da abin zuƙa yake.

Dole a sami abin zuƙa guda biyu a kan teburin, kowanne da alamar da ba za ta rikita kowa ba: ɗaya na na'ura, ɗaya na shara. Da zarar an buɗe ciki, ruwan da ya taru a cikin mai taurarriyar hanta a kwashe shi da na shara har sai wurin ya bushe, kafin a miƙo na na'ura. Lokacin da ake kwance hantar daga jijiyoyin da suka ɗaure ta, da lokacin da ake aiki nesa da ƙarin, jinin da ya kwanta a ƙarƙashin hanta ko a kwarmin gefen dama na ciki shi ne mafi dacewa a tara, kuma a nutsa bakin abin zuƙar cikin jinin maimakon a riƙa sharar samansa, domin iskar da ke biyo jini tana lalata shi. Idan wuƙa ta matso kusa da gefen ƙarin, ko ana murza shi da hannu, ko an huda shi don ɗaukar samfuri, a ajiye na na'ura a ɗauki na shara. Na'urar da ke narka tsokar hanta da girgiza tana zuƙe ɓarɓashin nama da kanta, kuma wannan ɓarɓashi ba shi da hanya zuwa tulun jini ko kaɗan.

Akwai wasu abubuwan da bai halatta su shiga tulun ba ko da babu maganar daji: ruwan maɗaciya mai ɗauke da ƙwayoyin cuta, abin cikin hanji, aidin, ruwan kumfa na wanke rauni, da kayan tsayar da jini da ake shimfiɗawa a kan yankakkiyar hanta kamar gam ɗin fibirin da audugar da ke narkewa. Wasu likitoci suna wanke ciki da tataccen ruwa marar gishiri domin ya farfasa ƙwayoyin ƙari da suka zube. Wannan ruwa haka yake farfasa jajayen ƙwayoyi ma, saboda haka daga lokacin da aka zuba shi an rufe tara jini har sai an ɗauraye wurin da ruwan gishiri. Ƙyallayen goge jini ana iya tsoma su cikin kwanon ruwan gishiri a matse a hankali a zuƙe ruwan, kuma jini mai yawa ake cetowa ta nan, amma ƙyallen da ya taɓa ƙarin kai tsaye zuwa shara zai tafi.

Wannan duka yana buƙatar magana a bayyane. Likitan tiyata shi ke ganin abin da ke faruwa a cikin ciki, mai na'ura kuwa yana bayan labule ba ya gani, don haka sai likita ya furta da bakinsa cewa a dakatar da tarawa ko a ci gaba, mai na'ura kuma ya amsa da ƙarfi kowa ya ji. A dashen hanta wasu cibiyoyi ba sa fara tarawa sai an fitar da hantar mai ciwo daga jiki. Rage zubar tun asali ma yana cikin aikin, ta hanyar matse jijiyoyin ƙofar hanta, dabarar da James Hogarth Pringle na Gilasgo ya bayyana a 1908, wadda a yau aka fi yi minti 15 a saki minti 5, da kuma taƙaita ruwan da ake ƙara wa majinyaci yayin yankan domin jijiyoyin hanta kada su cika su yi ta tsartuwa.

Wanki

Daga tulu, famfo yana tura jini cikin kwanon da ke juyawa fiye da sau 5,000 a minti. Jajayen ƙwayoyi, da yake sun fi nauyi, suna manne wa bango, ruwan jini da maganin hana daskarewa da ɓarɓashi kuma suna fita ta sama zuwa jakar shara. Kwano mai cin mililita 225 ana wanke shi da kimanin lita 1 ta ruwan gishiri, kuma kada a ɗauka an gama sai ruwan da ke fita ya yi garau. Idan kwanon bai cika ba a ninka wankin. Abin da ke fitowa jajayen ƙwayoyi ne masu kauri, kashi 50 zuwa 70 cikin 100, cikin ruwan gishiri. A tsaya kan cikakken tsarin wanki, a bar tsarin gaggawa sai an rasa yadda za a yi. Wanki yana rage ƙwayoyin daji amma ba ya kawar da su, domin nauyinsu ya yi kusa da na fararen ƙwayoyin jini, suna zama a iyakar da ke tsakanin jajayen da ruwan, wasu su fita wasu su saura.

Matata

A nan ya kamata a bambance matatai guda uku da ake yawan cakuɗawa. Wadda ke jikin mesar ƙarin jini ta yau da kullum ramukanta maikiron 170 zuwa 200 ne (maikiron ɗaya kashi ɗaya ne cikin 1,000 na milimita), aikinta tare gudajin jini. Akwai ta maikiron 40 mai tare ƙananan gudaji. Dukansu biyu ƙwayar daji tana wuce su salin alin, domin faɗinta bai kai ramin ƙaramar ba. Wadda ake nufi ita ce matatar cire fararen ƙwayoyin jini, kuma a zaɓi samfurin da aka ƙera domin jinin da aka tara a tiyata.

Cikinta shimfiɗu ne na siraran zaruruwa masu cunkoso. Jar ƙwayar jini faɗinta maikiron 7 zuwa 8 ne, ba ta da cibiya, tana lanƙwasa ta bi ta kowane lungu ta fita. Ƙwayar daji ta fi ta girma, tana da cibiya mai tauri, ba ta iya matse jikinta, kuma sau da yawa a dunƙule take tafiya da 'yan'uwanta, sai ta maƙale. Bayan haka fatarta tana mannewa a jikin zaruruwan kamar yadda fararen ƙwayoyi ke yi. Ya yi kama da tace gasara da ƙyalle, inda dusa ke tsayawa a sama muddin an bar ruwan ya tsiyaye da kansa, amma da an murɗe ƙyallen da ƙarfi sai ta fara ratsowa.

Saboda haka ƙa'ida ta farko ita ce kada a matsa. A rataye jakar jini a sama, a cika matatar kamar yadda takardar maƙerinta ta nuna har iska ta fita, a bar jinin ya sauko da nauyinsa, ba da jakar matsi ba, ba da sirinji ba, ba da famfo ba. Matsa jakar na'urar kai tsaye yana da wani haɗarin na daban, wato tura iskar da ke cikinta zuwa jijiyar majinyaci. Jinin zai yi nawa, domin yana da kauri, kuma wannan nawa ce ke sa hannun ma'aikaci ƙaiƙayi. Mafita ita ce a riƙa tace jinin tun da wuri zuwa wata jaka ta biyu, a fitar da iskarta, a manna mata suna, ta yadda idan buƙata ta taso da gaggawa jinin da aka riga aka tace ne za a tura da sauri. Ƙa'ida ta biyu, kowace matata tana da adadin jinin da aka ƙayyade mata, a canza ta idan ya cika ko da tana gudu, kuma idan ta toshe a sa sabuwa, kada a yi ƙoƙarin ɗauraye ta da ruwa, domin abin da ta riƙe ne za a kora gaba. Wasu cibiyoyi suna tacewa sau biyu da matata biyu a jere.

Hujjar wannan aiki a dajin hanta ta fi fitowa daga gabashin Asiya, inda cutar ta yi katutu. A 2005 masu bincike a Asibitin Samsung da ke Seoul sun zuba ƙwayoyin dajin hanta cikin jini a ɗakin gwaji, suka ga matatar tana kwashe su, amma ƙarfinta yana gazawa idan yawansu ya wuce kima. A 2008 wata tawaga a Jami'ar Zhejiang da ke Hangzhou ta ƙasar Sin ta binciki jinin waɗanda ake yi wa dashen hanta, ta tarar alamar ƙwayoyin tana ɓacewa bayan tacewa idan ƙarin bai fashe ba, amma tana saura a inda ya fashe yayin aiki. Bibiyar marasa lafiya da Asibitin Samsung ya wallafa a 2016 da 2022 ba ta nuna ƙaruwar dawowar cutar ga waɗanda aka mayar wa tataccen jininsu ba. Akasarin waɗannan hujjoji daga bibiyar majinyata suka fito, ba daga gwajin da aka raba mutane da ƙuri'a ba, kuma wannan dalili ne na ƙara kiyaye ƙa'idojin, ba na sassauta su ba.

Yayin da jinin ke shiga, idon likitan sa barci ya kasance a kan awon hawan jini. Hukumar SHOT mai tattara rahotannin illolin ƙarin jini a Birtaniya ta sha kawo labarin faɗuwar awon jini farat ɗaya lokacin mayar da jini ta wannan matata, musamman inda aka yi amfani da sitiret, kuma ana danganta abin da sinadarin biradikinin mai buɗe jijiyoyi, wanda masu shan magungunan hawan jini irin su lisinofiril ba sa saurin narkar da shi. Idan hakan ta faru a rufe mesar nan take, a ɗaga awon da ruwa da magani, a tabbatar ba wata zubar ce ta ɓoye ba, sannan a yanke shawarar ko za a ci gaba a hankali ko a koma jinin ma'ajiya.

Idan ƙarin ya fashe

Da zarar ƙarin ya fashe, ko an tarar ya riga ya fashe, ko wuƙa ta ratsa cikinsa, a dakatar da tarawa, kuma abin da ya shiga tulun bayan fashewar a zubar da shi tare da canza mesa da tulu idan za a ci gaba daga baya. Jakar da aka gama wankewa kafin fashewar tana nan da amfaninta. Keɓewa guda ɗaya ce: idan majinyaci yana zubar da jinin da zai kashe shi cikin mintuna, kuma babu na ma'ajiya a kusa, to ceton ransa a yanzu ya sha gaban tsoron dawowar cuta bayan watanni, sai a ba shi jininsa ta matata gwargwadon iko. Wannan hukunci na likitan tiyata da likitan sa barci ne tare, kuma a rubuta shi da dalilinsa.

Inda akwai kayan aiki, haska jinin da haske mai ƙarfi irin wanda ake ƙona daji da shi ya fi matata tabbas. Hansen ya nuna a 1999 cewa awon Gray 50 na wannan haske, wato ninki biyu na mafi ƙarancin abin da ma'ajiyar jini ke amfani da shi, yana hana ƙwayoyin daji hayayyafa, domin yana lalata ƙwayar gadon da ke cibiyarsu, jajayen ƙwayoyi kuwa ba su da cibiyar da za a lalata. A Jamus aka fi bin wannan hanya. Wahalarta ita ce sai jakar ta bar ɗakin tiyata ta je ta dawo, wanda ke cin lokaci ya kuma buɗe ƙofar musanya jakar wani da ta wani, ga shi asibitoci kaɗan ne ke da injin a kusa da ɗakin tiyata.

Kowace jaka a rubuta mata sunan majinyaci da lambarsa da lokacin da aka gama wanki, ta zauna a gefensa, kada a kai ta firijin ma'ajiyar jini, kuma a gama ƙara ta cikin awa 4 da kammala wankin. A tuna cewa jinin da aka wanke ba ya ɗauke da abin daskarar da jini ko kaɗan, don haka mai taurarriyar hanta da aka mayar wa jaka da yawa zai buƙaci ruwan jini mai daskararwa da ƙwayoyin daskararwa bisa abin da gwaji ya nuna, tare da lura da sinadarin kalsiyam da ɗumin jikinsa. Sharar na'urar da matatar da aka cire a ɗauke su a matsayin kaya masu yaɗa cuta, tunda da yawa daga cikin waɗannan majinyata suna ɗauke da ciwon hanta nau'in B ko C. A takardar aiki a rubuta yawan jinin da aka tara da wanda aka mayar, da irin matatar da adadinta, da ko ƙarin ya fashe da kuma a wane mataki, domin likitan da zai riƙa duba majinyacin da hoto da gwajin jini na AFP mai nuna alamar dajin hanta a watannin da ke tafe ya san ainihin abin da ya gudana a kan teburin.